Ƙarƙashin Harshe

Shekara goma sha ɗaya ina bin gadajen asibiti,
sai ga ni a Dayton, ɗaliba kuma,
da kati a wuya, an rubuta Hurera an ci harafi guda.

Dakta Whitlock, mai furfura da takalmin gudu,
ranar farko bai miƙo mini littafi ba.
Kujera ya turo da ƙafa.
Ya ce zauna, ki yi ƙasa da gadon.
Masu tsayuwa a kan mutumin nan ya gan su da yawa,
ɗan sanda, alƙali, mai gidan haya.

Na koyi ƙidayar hamma.
Na koyi karanta tsigar jiki in ta tashi babu sanyi,
zufa, majina, ƙafar da ta ƙi zama wuri ɗaya,
ƙwayar ido ta buɗe kamar bakin rijiya.
A haɗa maki. In bai kai ba, a dakata.
Wanda ya yi gaggawar ba da magani
ya tura mara lafiya wuta da hannunsa.
Ashe jira ma fanni ne, har jarrabawa ake yi.

Curtis mai rufin gidaje ne.
Tsani ya zame da shi wata Talata,
likita irina ya rubuta masa kwalba ta farko.
Sauran kwalaben titi ya rubuta.
Sau uku ana fesa masa rai ta hanci,
sau ɗaya 'yarsa ce ta fesa, tana aji shida.
Na sa masa maganin ƙarƙashin harshe,
na ce kada ka haɗiye, kada ka yi magana, bari ya narke.
Muka yi shiru minti goma, ni da shi da agogon bango.
Da kafaɗunsa suka sauka
sai ya tambaya ko akwai burodi.

Ranar Alhamis motar allurai ke fita.
Muna tsayawa bayan shagon wanki, ƙanƙara har idon sawu,
mu karɓi tsofaffi mu ba da sababbi,
da safa, da lemo, ba wa'azi.
Watan farko zuciyata ta ƙi.
Na ce wannan ai riƙe wa ɓarawo tsani ne.
Tawnya direba, shekararta tara da dainawa, ta ce
Dakta, gawa ba ta zuwa asibiti ranar Litinin.

Akwai kalmomin da aka hana mu.
Ba a cewa fitsari ya yi datti.
Ba a kiran mutum da sunan abin da yake sha.
Na rubuta su a bayan hannuna da biro,
na wanke, na sake rubutawa,
don a Malumfashi da bakina na ce ɗan ƙwaya,
kuma ƙanena nake nufi.

Tanimu. Kodin a cikin kwalbar lemo,
barci a kan teburin ɗinki, allura na tafiya ba mai ita.
Albashina na farko
shi aka kai gidan mari.
Ni na ƙirga kuɗin, sababbi, na sa a ambulan.
Wata bakwai. Ya fito da zobe biyu a idon sawu
waɗanda ba maƙerin da zai cire,
ya gaishe ni kamar baƙuwa.

Jiya Curtis bai zo ba. Yau ya zo,
kansa a ƙasa, ya ce na koma.
Bakina ya ɗauko tsohuwar magana,
na riƙe ta ƙarƙashin harshe har ta narke.
Na ce madalla da ka dawo. Na jawo kujera.

Yanzu sha biyun dare, a gida an idar da asuba.
Na zauna a ƙasa, a dandaɓen kicin, ban kunna fitila ba.
Wayar Tanimu tana shiga.
Ta yi ƙara huɗu.
Biyar.